Lambu a Cikin Akwatin Gilashi: Shawarwari ga Gidajen 'Yankwashi da Kewaye

Daga Karkarna zuwa Roni, idan aka ce kiwon kifi, tarwada ce ke zuwa a rai: tankin siminti ko na roba, ciyarwar wata biyar ko shida, sai kasuwa. Akwai wani kiwon kuma da ba don tukunya ake yinsa ba. Akwatin gilashi ake samu a shimfiɗa masa ƙasa da yashi, a kafa duwatsu da saiwar itace, a dasa tsirran ruwa masu rai, sai can daga baya a saki 'yan ƙananan kifaye. Lambu ne sosai, sai dai a ƙarƙashin ruwa yake.

Abin yana da tarihi. A 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiron ruwa suna iya rayar da juna a cikin gilashi: tsiro ya ba da iskar shaƙa, kifi ya ba da taki. Mutanen Holan suka mayar da shi gwaninta tun shekarun 1930. Wanda ya kai shi ƙololuwa shi ne Takashi Amano, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Japan, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982. A 2015, shekarar da ya rasu, ya shirya wani lambun ruwa mai tsawon mita 40 da ruwa lita 160,000 a birnin Lizbon na ƙasar Fotugal.

Hotunan irin wannan aiki sun cika YouTube, kuma nan tarkon yake. Masu yin su suna da wutar da ba ta ɗaukewa da ɗakin da ba ya zafi. Mu kuwa muna da bazara, da ƙurar hunturu, da lantarkin da ba a yi masa alkawari. Amma muna da dutse, da itace, da yashi, har da wasu tsirrai da kifayen da su can sai sun biya kuɗi mai yawa suke gani. Saboda haka shawarwarin nan na akwatin da zai rayu ne da kayan gida da ƙaramar sola: tsiro da yawa, kifi kaɗan.

1. A fara da wurin ajiyewa kafin a je wajen mai gilashi. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin ruwa lita 54, wato jarka biyu da ɗoriya. Kowace lita kilo ɗaya ce, idan aka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu nauyin zai kai kilo 70 ko 80. Teburin roba ko kan durowar kayan ɗaki ba za su ɗauka ba. Ana son dakali na bulo ko teburin katako mai ƙarfi wanda ba ya karkata, a shimfiɗa soso ko kwali mai kauri a ƙarƙashin gilashin. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan za a zaɓa, nesa da inda rana ke faɗowa kai tsaye da kuma inda yara ke guje-guje. Kada ƙanƙanta ta ruɗi kowa: kwalbar lita 5 ta fi wannan akwatin wuyar riƙo, domin ruwa kaɗan nan da nan yake zafi, nan da nan yake ɓaci.

2. Masu haɗa tagogin alminiyam a Kazaure ko Kano za su iya yanka gilashin. A nemi mai kaurin milimita 6, a sa su goge kaifin bakinsa. Silikon ɗin da za a liƙe shi da shi ya zama zalla, ba wanda aka sa wa maganin hana fumfuna don banɗaki ba, wannan guba ne ga kifi. A bar shi ya sha iska mako guda, a cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu. In zai yi yoyo, gara ya yi a can.

3. Dutse shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan babu wanda ya fi mu gata. Tsaunukan da suka kewaye Kazaure suka miƙa ta Roni tsofaffin duwatsu ne ƙwarai, har masana ilimin ƙasa suna kiran wannan zirin duwatsu da sunan Kazaure. Akwai farin dutsen ƙanƙara, akwai mai tsagewa falle-falle, akwai jar marmara. Yawancinsu ba sa narkewa a ruwa, abin da ake so ke nan. Gwajin mai sauƙi ne: a kankare jikin dutsen, a matsa masa lemun tsami. Idan ya yi kumfa yana tsiyaya, yana da farar ƙasa a jiki, zai sa ruwa ya yi nauyi, a ajiye shi. Wanda ke walƙiya kamar da ƙarfe ko zinariya a ciki shi ma a bar shi. A wanke da buroshi da ruwan zafi, ban da sabulu, kuma kada a ɗora dutse a kan wuta domin yana iya fashewa. Wajen ɗauko shi a juya shi da sanda tukuna saboda kunama, in a gonar wani yake a nemi izini.

Sai jerawa, wadda a ganina ita ce wurin da ya cancanci a ɓata lokaci. Mutanen Japan suna da tsarin da suke kira iwagumi: duwatsu uku, biyar ko bakwai, babba guda ɗaya shi ne shugaba, sauran suna yi masa rakiya. Babban ba ya zama a tsakiya cif, ana matsar da shi wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon akwatin, a ɗan karkata shi. Duk duwatsun su zama iri ɗaya, launi ɗaya, jijiyoyinsu na kallon gefe ɗaya. Ba sai an haddace wannan daga littafi ba. A je gindin tsauni bayan ruwan sama a tsaya a duba: babu dutsen da ke zaune a kan ƙasa kamar an ajiye shi jiya, kowanne gindinsa a binne yake, ƙanana sun taru a ƙafar manya, ciyawa ta fi cika a inda ruwa ke kwanciya. Haka za a yi a akwatin. A fara gwadawa a kan faranti ko kwali mai faɗin akwatin, da busasshen yashi, a ɗauki hoto da waya, a kwana, a sake dubawa da safe. Gyara a wannan lokaci ba ya cin komai. Bayan an zuba ruwa kuwa, motsa dutse ɗaya yana dagula akwatin gaba ɗaya.

Gidajen roba, da 'yan mutum-mutumi, da tsakuwa mai fenti da ake sayarwa, ba na ba da shawararsu. Dutsen Roni ya fi su kyau, fentin kuma yana ɓarewa.

4. Itace yana da haɗarin da dutse ba shi da shi, domin wasu itatuwanmu masu kashe kifi ne. Aduwa tana kan gaba: ɓawonta da 'ya'yanta suna da sinadarin da ke kashe kifi da katantanwa. Majimfa da makubar ɗorawa an daɗe da sanin su a matsayin abin sa kifi maye. Tumfafiya, tinya da duk mai farin ƙaro a nisance su, haka darbejiya. Katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara shi ma bai halatta ba.

Abin nema shi ne saiwa ko reshen itace mai tauri wanda ya daɗe da mutuwa, ya bushe ƙayau, ɓawonsa ya zube. Gwaiba tana da kyau, masu wannan sana'a a ƙasashe da dama suna amfani da ita, rassanta kuma suna da lanƙwasa mai daɗin kallo. Kirya da marke suna da nauyi, suna saurin nutsewa, amma suna rina ruwa sosai, don haka jiƙonsu ya fi tsawo. Ko wanne aka samu, a kankare shi, a dafa shi awa ɗaya ko biyu a tsohuwar tukunya, sannan a jiƙa shi a baho mako biyu zuwa huɗu ana canza ruwan. Ɗan launin shayi da zai rage ba ya cutarwa. Idan ruwan yana kumfa ko yana wari, a haƙura da wannan itacen. Kafin ya shiga akwati a saka ƙaramin kifi ɗaya a ruwan jiƙon na ƙarshe a sa masa ido, da ya nuna alamar wahala a cire shi. Farin yauƙi da kan fito wa sabon itace a makonnin farko yana gushewa da kansa.

5. Ƙasan akwatin hawa biyu ne. Wannan hanya wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta yaɗa ta da littafin da ta fitar a 1999, kuma ita ta fi dacewa da mu domin ba ta buƙatar takin kanti ko tukunyar iskar gas. A ƙasa a shimfiɗa ƙasar lambu mai kaurin santimita 2 zuwa 3, a rufe ta da yashin kogi mai gautsi na santimita 3. Ƙasar ta fito daga inda ba a yi feshi ba, ba a zuba takin zamani ko kashin dabbobi ba, ba kuma fako mai kanwa ba. A tankaɗe ta da rariya, a jiƙa, a zubar da abin da ya taso, a shanya, a maimaita haka sau biyu ko uku. Ɗan garin marmara a cikinta yana ƙara wa saiwa sinadarin ƙarfe. Yashin a yi ta wanke shi har ruwan ya fito garau. A sa baya ya fi gaba tudu, hakan ke sa ido ya ga akwatin da zurfi. Manyan duwatsu a zaunar da su da kyau tun kafin yashi, kada su zame su bugi gilashi.

6. Ruwan rijiya ko na burtsatse da mutanen gida ke sha yawanci ya isa. A bar shi ya kwana a buɗe. Na famfo ya kwana biyu domin kulorin ya fita. Ruwan da aka sa wa alif kada ya shiga. Idan rijiyar gida mai zartsi ce, a gauraya da ruwan sama, amma ban da na farkon damina da ya wanko ƙurar kwano. Wajen zubawa a ɗora faranti a kan yashin a tsiyaya a hankali.

7. Tsiro a dasa da yawa tun ranar farko, ya rufe fiye da rabin ƙasan akwatin. Wanda ya yi rowar tsiro gansakuka zai noma.

Na gida tukuna. Bado, wanda yara ke tonowa a tafki, shi ne ake sayarwa a shagunan Turai a matsayin tsiron ado mai daraja. Ƙaramin kai ɗaya ya isa, a binne rabinsa kawai, duk ganyen da ya miƙe zai kai saman ruwa a yanke shi, sai ya riƙa yin ganye a ƙasa. Kainuwa tana shan dattin ruwa fiye da kowane tsiro kuma tana yi wa kifi inuwa, amma tana da mamaya, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan. Akwai kuma wata ciyawa marar saiwa mai siraran ganye zagaye da kara, tana lilo a cikin ruwa mai kwanciya, masana na kiranta Ceratophyllum. Tana girma da sauri, ita ce maganin gansakuka a watan farko.

Na saye kuwa, wanda ya fi kowanne juriya shi ne Anubias barteri, kuma ɗan Afirka ta Yamma ne. Sunan Charles Barter aka sa masa, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin Baikie a kogin Kwara ya rasu a 1859. Yana son inuwa, yana girma a hankali. Ba a binne shi: yana da kara mai kwanciya kamar citta, idan yashi ya rufe wannan karan sai ya ruɓe. Da zaren ɗinki ake ɗaure shi a jikin itace ko dutse, bayan 'yan makonni saiwarsa ta kama da kanta. Vallisneria mai dogon ganye tana son ruwa mai ɗan nauyi, ta dace da bangon baya. Dogaye a baya, gajeru a gaba, a bar fili na yashi zalla a wani gefe domin ido ya huta. Shimfiɗar ƙananan ciyayi da ake gani a hotuna tana buƙatar fitila mai ƙarfi da iskar gas, a bar ta sai hannu ya faɗa.

8. Duk abin da aka ɗebo daga dam ko tafki, a tuna da tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan katantanwar ruwa take girma, ta fito ta huda fatar mutum. Tsiron da aka ciro daga dam ɗin Kazaure, ko kogin Gari, ko kududdufin bayan gari yana iya zuwa da katantanwa ko ƙwanta, wani ɗan yauƙi mai ɗigo-ɗigo a bayan ganye. Kada a tura yara su shiga ruwa neman tsiro. A sa safar hannu ta roba, a wanke tsiron ganye-ganye, a ajiye shi a bokiti daban mako biyu zuwa uku ana dubawa, duk katantanwar da ta bayyana a cire ta. Wannan shawara ba ta da rangwame.

9. Fitilar LED fara mai wat 10 zuwa 12 ta ishi akwatin lita 54, awa 6 zuwa 8 a rana, a lokaci ɗaya kullum. Abin da za ta ci bai kai wat-awa 100 a yini ba, ƙaramar solar gida za ta ɗauka. Ƙarin awanni ba ya ƙara wa tsiro komai sai gansakuka. Da dare a kashe. Soket ya kasance sama da bakin ruwa ko nesa da shi, wayar kuma ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau, yadda ɗigon ruwa ba zai bi ta ya shiga ba.

10. Bayan dashe a jira mako huɗu zuwa shida kafin kifi. Wannan ce shawarar da aka fi karyawa, kuma ita ce ke kashe kifin farko a yawancin gidaje. Kashin kifi da ruɓaɓɓen ganye suna fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna mayar da ita wani sinadarin, shi ma guba, sannan wasu su mayar da shi abincin tsiro. Kafin su yawaita a yashi da jikin dutse sai an ɗauki makonni, sabuwar ƙasa kuma ita kanta tana fitar da amoniya. A wannan lokaci a riƙa canza rabin ruwan sau biyu a mako. Wasu ganyayen za su narke, ba komai. Sabon toho shi ne alamar cewa lambun ya kama.

11. Kifin da muka saba da shi bai dace da lambu ba. Karfasa tana tono, tana tumɓuke tsiro ta cinye. Tarwada da gaiwa suna girma su haɗiye na ƙasa da su. Jan kifin adon nan mai kumburin ciki da ake sayarwa a kwalba yana cin ganye, yana yawan kashi, kuma ruwa mai sanyi yake so.

Ƙanana ake so, masu santimita 3 zuwa 5. Akwai wanda ya kamata ɗan Jigawa ya sani. A 1928 wani masanin kifi Bajamushe, Ernst Ahl, ya bayyana wasu ƙananan kifaye biyu da aka kamo a kogin Kiyawa kusa da Katagum. Ɗaya shi ne Poropanchax normani, ɗan siriri mai wani shuɗin ƙyalli a saman ido, wanda yau ake kiwonsa a akwatunan Japan da Turai, kuma yana zaune a ruwayen yankin Sahel da dama. Ɗayan har sunan kogin yake ɗauke da shi, kiyawensis, kifin kududdufi ne da ƙwansa ke jure rani a cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo. Mai ƙyallin idon ya dace da akwatinmu ƙwarai: takwas zuwa goma suna yawo tare a saman ruwa. A yi magana da masunta, su suka san 'yan kifayen bakin gaɓa da ke zubewa ta idon raga. Wanda aka kamo a ajiye shi daban mako biyu. In ba a samu ba, masu sayar da kifin ado a Kano suna da gufi, mai jure wahala, mai cin tsutsar sauro, sai dai yana haihuwa ba ƙaƙƙautawa. A fara da huɗu ko biyar, a ƙara bayan mako biyu. Ledar da aka kawo su a ciki ta yi minti 20 tana yawo a saman ruwan kafin a sake su.

12. Bazara ce jarrabawar gaske. Tsirrai da kifayen nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 28, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin waje yana haura 40, ɗakin kwano ya fi haka. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, shi ya sa ake ganin kifi a sama yana haki, musamman da asuba. A sayi ma'aunin zafi. Ƙaramar fanka mai caji da ke hura saman ruwa tana rage digiri 2 ko 3. A buɗe murfi a sa raga, a rage abinci, a mayar da lokacin fitila zuwa safiya ko dare. Ɗan injin kumfa mai batir yana ceton rai a irin waɗannan darare. Ƙanƙara kai tsaye kada a jefa. Ruwan da ya ƙafe a cike gurbinsa da ruwan da ya fi ƙarancin gishiri cikin wanda ake da shi, domin ruwa ne ke tashi, gishirinsa yana nan. Da hunturu kuma akasin haka: a rufe saboda ƙura, a lulluɓe akwatin da bargo da dare a Disamba da Janairu.

13. Fiya-fiya, da maganin sauro na fesawa, da na hayaƙi suna kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa. Maganin da ke jikin gidan sauro ma haka, don haka kada a yanki tsohonsa a yi murfi ko abin kamun kifi. In dole a yi feshi, a kashe injin kumfa, a rufe akwatin ruf da leda da jiƙaƙƙen zane, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Uwargida ta ware bokiti da soso na akwatin kaɗai waɗanda omo bai taɓa taɓawa ba. Hannun da ke da man shafawa ko turare a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin ya shiga.

14. Ciyarwa sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Abincin masu kiwon tarwada idan aka murƙushe shi ya yi, tsutsar sauro daga randa kuwa ta fi komai. Tuwo da burodi ruwa kawai suke ɓatawa. A ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki, domin idan kowane yaro zai ba su nasa, ƙoshi zai kashe su. Dabbar da aka tsare amana ce, ranar da za a yi tafiya a bar wa wani ƙunshin kowace rana a auna.

Kowane mako a cire rubu'in ruwan da siririn tiyo, a zuba sabo, a goge gilashi, a tsinke matattun ganye. Kada a taɓa kwashe komai a wanke, yin haka yana mayar da akwatin ranarsa ta farko. Tsohon ruwan a ba zogale ko shukar tsakar gida. Gansakuka idan ta yi yawa, abu uku za a duba: hasken ya yi yawa, abincin ya yi yawa, ko kifin ya yi yawa.

15. Abin da ya yi yawa a akwati kada a kai shi dam, kogi ko magudanar ruwa. Manoma da masuntan Haɗeja da Nguru sun ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su, kuma wata baƙuwar ciyawa mai shuɗin fure da ta shigo ta Badagiri a 1984 har yau ana fama da ita a kogunan ƙasar nan. Tsiron da aka rage a shanya shi a rana ya bushe, a zuba a juji. 'Ya'yan gufi kuma a ba maƙwabcin da akwatinsa ya riga ya cika makonninsa shida.